Allurar Jijjiga da Azumi Bakwai

Ya kamata in faɗa tun farko cewa ban rubuta komai ba a ranar da abin nan ya faru, in ban da abin da aiki ya wajabta in sa a fayil, fayil ɗin kuwa ba ya hannuna. Shekarun ba su da yawa, amma na lura duk sanda na ba da labarin sai wani abu ya ɗan gusa daga inda yake. Wani lokaci ina ganin Talata ce, wani lokaci Laraba. Maganganun da zan sa a bakin mutane kuma, ma'anarsu nake da yaƙini a kai, ba kalmomin ɗaya bayan ɗaya ba.

Da na gama karatun jinya da ungozoma a jami'a, aka tura ni ɗakin haihuwa na wani asibiti a ƙasar Kazaure. Nan ake kawo matan da haihuwa ta gagara a ƙananan asibitocin Roni da Gwiwa da wajajen Achilafiya, wani lokaci har daga Babura. Ni mutum ce mai tsoron kuskure. Nakan duba kwalbar magani sau uku kafin in fasa ta, in na koma gida kuma in yi ta tunanin ko na duba da kyau. Shugabar ɗakin, wadda kowa ke kira Anti, ta kusa ritaya a lokacin. 'Yar Babura ce, doguwa, mai dariya da ƙarfi. Akwai matan da ita ta karɓi haihuwarsu, ga shi su ma suna zuwa haihuwa a hannunta. Sati biyu da zuwana ta raɗa mini suna Malama Wataƙila, wai ko ƙarfe nawa aka tambaye ni sai na fara da wataƙila.

Akwai wata allura da ake kira maganiziyam salfet. A ɗakinmu ba mai kiranta haka, allurar jijjiga ake cewa, domin aikinta da kowa ya sani ke nan: mai ciki in jininta ya hau har ta fara jijjiga, ko ana tsoron za ta fara, ita ake yi mata. Tana da akwatinta daban a saman kabad, an rubuta JIJJIGA a jikinsa da jan fenti. A shekarata ta biyu aka tura ni wata bita ta kwana biyu. A can aka jaddada mana abin da na taɓa karantawa a makaranta na wuce, cewa allurar tana da aiki na biyu. Idan naƙuda ta taso wa mace kafin cikinta ya kai sati talatin da biyu, aka kuma ga haihuwar ba za ta tsaya ba, to in aka yi mata allurar kafin jaririn ya fito, tana rage haɗarin ƙwaƙwalwarsa ta taɓu, irin taɓuwar da ke barin yaro ba ya riƙe wuya, ba ya zama, ba ya tafiya. Ragewa aka ce, ba hanawa ba. Na ja layi biyu a ƙarƙashin wannan.

Na dawo da takardar ƙa'idar, likitanmu ya karanta ya amince, na manna ta a bango kusa da kabad. Anti ta tsaya gabanta ta ɗora tabarau a hanci.

"Allurar jijjiga ga wadda ba ta jijjiga?"

"Anti, ba don uwar ba ce. Don ƙwaƙwalwar jaririn ce."

"Don ƙwaƙwalwa? To a fara da ni mana. Tun jiya nake neman makullin ofis."

Ba ƙi ta yi ba, ita ce ma ta sa aka ƙaro kwalaben. Amma wata huɗu ko biyar suka wuce, takardar tana bango, gefenta har ya fara naɗewa, ba mu yi wa ko mace ɗaya allurar don jaririnta ba. Ba don ba a haifi bakwaini a tsakanin ba. Wasu matan sukan iso kan jaririn ya riga ya sauko, ba lokacin komai. Babban dalilin dai shi ne takardar da sati take magana, matanmu kuwa da wata suke zuwa. Wadda ta fara awo da wuri har aka yi mata hoton ciki, lissafinta a fili yake, sai dai su ne kaɗan. Sauran sai a ce wata bakwai, ko ta shiga na takwas, ko kuma Allah masani. Ni kuwa in ba ni da tabbacin satin, hannuna ba ya kai wa ga akwatin. Allurar ba ruwan sha ba ce, in ta yi yawa tana iya danne numfashi. Yanzu na san akwai likitocin da za su ce in ana shakka a bayar, a sa ido. A lokacin ban kai nan ba.

Ranar da nake son ba da labarinta da kaka ne, ana roron wake. Wajen ƙarfe goma na safe aka shigo da wata mata daga wani ƙauye a bayan Roni, shekarunta ba za su wuce ashirin da uku ba. Uwar mijinta ce ta rako ta ciki, wata gajeriyar tsohuwa mai kaifin murya, mijin kuma ya tsaya a waje gindin darbejiya tare da sauran maza. Faya ta fashe tun da safe, naƙuda tana zuwa a kai a kai, bakin mahaifa ya fara buɗewa sosai. Jininta lafiya lau. Takardar da suka zo da ita daga ƙaramin asibiti layi biyu ce, a na biyun an rubuta: wata takwas.

Wata takwas cikakku sun kai sati talatin da huɗu ko da biyar. In haka ne ta wuce ƙa'idar bango, ba ruwanta da akwatin. Amma da na sa tef na auna cikin, santimita ashirin da tara na gani, wato kamar cikin sati ashirin da tara. Na sake aunawa, haka dai. Tef ba hujja ba ne shi kaɗai, musamman bayan faya ta fashe, kuma jaririn yana iya zama ƙarami ne kawai. Na ɗauko ƙahon saurare na ɗora a cikinta. Zuciyar jaririn tana bugawa da sauri, ras. Ina sunkuye sai na ji matar ta yi magana ƙasa-ƙasa, yadda tsohuwar ba za ta ji ba.

"Sista, waccan ma haka ta zo."

"Wacce?"

"Ta gida."

'Yar fari ce, shi ya sa ba za ta ce 'yata ba.

"Shekararta huɗu," in ji ta. "Har yau sai an jingina ta da filo."

Ta kama hannun rigata. "Kar wannan ma," ta ce, sai naƙuda ta sake tasowa ta datse maganar.

Likita yana ɗakin tiyata, yana tsakiyar aiki. Na aika masa, amsa ta dawo cewa a yi mata allurar nan ta taimakon huhun jariri yanzu. Ɗayar kuwa, in mun tabbata ba ta kai sati talatin da biyu ba a fara, zai sa hannu in ya fito. Na yi tunanin hoton ciki, amma a irin wannan watan hoton yana iya kuskure da sati biyu ko uku, daidai tazarar da ta dame ni. Sai na koma kan tsohuwar.

"Inna, wa ya ce wata takwas ne?"

"Ni na ce. Malamin asibitin ya tambaya, na faɗa, ya rubuta."

"Yaya kika ƙirga?"

Ta ajiye ƙullin kayanta ta miƙo mini yatsu. "Azumi, ɗaya. Ƙaramar salla, biyu. Na tsakiya, uku. Layya. Cika-ciki. Safar. Mauludi. Ga wannan da muke ciki. Nawa ke nan? Tara na haifa, 'yar nan, ba a takarda na koyi ƙirga ba."

Ƙirgarta daidai take a yadda ake yi a gida. Watan da aka fara a cikinsa ɗaya ne, wanda ake ciki ma ɗaya ne, ko da kwana uku ya yi. Malamin ya rubuta takwas yadda ya ji, mu kuma muka karanta takwas cikakku. Na ga inda kuskuren yake, amma hakan bai raba gardamar ba. In al'adarta ta ƙarshe kafin azumi take, mai yiwuwa ta wuce ƙa'ida. In a cikin azumin ta gan ta, ba ta kai ba. Sai na juya ga matar na yi mata tambayar kamar yadda take a littafi.

"Wace rana kika fara ganin al'adarki ta ƙarshe?"

Ta juyar da fuska bango ta ja mayafi. Tsohuwar ta tafa hannu.

"Subhanallahi! A gabana? 'Yan boko dai ba ku da ta ido."

Na ji kunya har tafin ƙafata. Anti tana can wajen famfo tana wanke hannu, ashe duk tana ji. Ta tako a hankali tana goge hannun.

"Inna, ki yi mana haƙuri, yarinya ce. Ki taimaka ki je wurin ɗanki, a samo mana ruwan zafi a fulas da zannuwa biyu masu taushi. Kar ki yarda da nasa zaɓin, maza ba su san taushi ba."

Tsohuwar ta fita tana mita. Anti ta ja kujera ta zauna daidai kan matar, kamar wadda ta zo hira.

"'Yata, azumin bana nawa kika sha?"

Mayafin ya ɗan motsa. "Bakwai."

"Daga nawa ga wata?"

"Na kai goma cif. Ranar na sha ɗaya ne ya karye."

"Da safe ko da yamma?"

"Bayan la'asar." Sai ga fuskar ta fito. "Wallahi na ji haushi, Anti. Na riga na dama kunun tsamiya, na sa ƙosai a wuta, saura kaɗan a sha ruwa."

"Kai, wannan ya ci amanarki. To bayan salla fa, kin sake fashin salla?"

"Ban sake ba. Na rama bakwai ɗin a jere, na ɗora da shidan Shawwal, ban ga komai ba har yau."

Anti ta waigo ta dube ni ta saman tabarau. "Malama, ga ranarki nan. Sha ɗaya ga azumi, bayan la'asar. Ko minti kike so?"

Ni ma mace ce, ni ma na san ranakun da na sha a azumin nan ɗaya bayan ɗaya, domin sai na rama su. Ba macen da ke wasa da wannan lissafin. Shekara biyar ina jami'a, bai taɓa zuwa mini cewa wannan tambayar da ta littafin abu guda suke nema ba.

A ofishin Anti akwai kalanda irin mai shafi ɗaya, wadda ke da kwanan watan Musulunci da ƙananan lambobi a ƙarƙashin manyan. Na ciro ta daga ƙusa na shimfiɗa a tebur, na nemo sha ɗaya ga azumi, na riƙa saukowa da biro sati-sati. Talatin da kwana ɗaya. Na sake. Talatin da kwana ɗaya. Na tuna ganin wata yakan saɓa wa kalanda da kwana ɗaya ko biyu, na ƙara biyun, na rage biyun, duk dai ba a kusa da talatin da biyu ba. Na fara na uku.

"In kika ƙirga na huɗu," in ji Anti daga bakin ƙofa, "jaririn zai fito ya taya ki."

Ita da kanta ta miƙa hannu saman kabad ta sauko da akwatin.

Na aika wa likita lissafin, ya ce a fara. Na yi wa matar bayani gwargwadon iyawata: allurar ba ta hana haihuwa, ba kuma alkawari ba ce, kariya ce ake sa wa kan jaririn kafin ya fito. Za ta ji zafi ya game mata jiki, kar ta tsorata. Ta ce a yi. Giram huɗu ake farawa da shi, ta jijiya, a hankali, cikin minti ashirin ko fiye. Na duba kwalaben, Anti ta duba, na sa maganin karya allurar a aljihun rigata ko da za a buƙata. Na cire agogona na ajiye a kan gado. Na fara tura allurar.

Ba a yi minti biyar ba ta fara yaye mayafi.

"Wayyo, Sista, wuta kuka zuba mini?"

"Shi ne zafin da na faɗa miki. Zai wuce."

"Har cikin kunnena!"

Daidai nan tsohuwar ta dawo da fulas da zannuwa. Idonta ya faɗa kan akwatin. Ba ta karatun boko, amma ta san jan rubutun nan, domin ashe an taɓa kwantar da wata 'yarta a ɗakin da ciwon jijjiga. Ta dire fulas ɗin.

"Wannan ai ta masu jijjiga ce! Me kuka ɓoye mini? Don haka kuka aike ni?"

Na fara bayani, ido ɗaya a kan agogo. Na ce bincike ya nuna, na ce a wasu lokuta, na ce ba dai tabbas ba ne amma ana kyautata zato. Ina magana ina ganin fuskarta tana ƙara ɗaurewa. Anti ta dafa kafaɗata.

"Ke ji da agogonki. Inna, ba ta jijjiga, jininta ya fi nawa kyau. In za ki aika da ƙwai kasuwar Kazaure a kan babur, haka kike zuba shi a kwano?"

"Wace mahaukaciya ce za ta yi haka? Sai na sa ƙaiƙayi."

"Ƙaiƙayin yana gyara hanya?"

"Ina fa."

"To jikanki ne zai yi tafiya tun ƙwansa bai yi ƙwari ba. Ƙaiƙayi muke sa masa."

Tsohuwar ta dubi sirinjin. Can ta ce, "To ku sa da yawa."

"A'a, Inna," na ce da sauri, "da yawa kuma illa ne, akwai iyakar da..."

Anti ta fashe da dariya, har matar da ke kan gado ta yi murmushi cikin gumi. Tsohuwar ta zaro faifai daga ƙullinta ta hau yi wa surukarta fifita, tana cewa ita dai ba ta taɓa ganin likitar da ke jin tsoron maganinta ba.

Bayan giram huɗun farko sai a ci gaba da allurar a cikin ƙarin ruwa, giram ɗaya kowace awa har a haihu. Ba mu da na'urar da ke auna ɗigo, da ido da agogo ake yi. Na zauna a gefen gadon ina ƙirga ɗigo, in ƙirga numfashinta, in duba fitsarin da ya taru, in ɗauko 'yar guduma in ƙwanƙwasa mata ƙasan gwiwa in ga ko ƙafar za ta harba, domin in allurar ta fara yawa nan take fara nunawa. Kowane karo ƙafar ta harba. Kowane karo tsohuwar sai ta yi magana.

"Ikon Allah. Ciki yana sama, ana bugun ƙafa."

A karo na uku ta miƙo tata ƙafar ta ce in gwada, ko ita ma da sauranta. Na ƙwanƙwasa, ƙafar ta yi tsalle har takalminta ya fice. Ta ce to alhamdu lillahi, a gaya wa tsohon gida ya daina yi mata kallon ta ƙare.

Likita ya fito wajen azahar, ya duba lissafin da kalandar da har yanzu take kan tebur, ya tambayi yadda aka samo ranar. Da na gaya masa sai ya dubi Anti ya ce, "Wannan a wane littafi yake?" Ta ce a littafin da ba a ba maza. Ya sa hannu yana dariya.

Ta haihu bayan la'asar kaɗan, awa biyar ko fi da fara allurar. Mace ce. Ta zo shiru, jikinta ja, tsawonta bai fi daga yatsuna zuwa gwiwar hannuna ba. Anti ta goge ta da ƙarfi da zane mai ɗumi, ta goga bayanta, ni ina riƙe da abin hura iska. Sai ta yamutsa fuska ta yi wani ɗan kuka siriri kamar na 'yar kyanwa, ta huta, ta sake yi da ƙarfi. Tsohuwar ta ɗaga hannu za ta rangaɗa guɗa, Anti ta ce mata nan asibiti ne. Ta yi guɗar duk da haka, a cikin mayafi.

Nauyinta bai kai kilo ɗaya da rabi ba. Ganin jikinta da tafin ƙafarta ya tabbatar mana ɗiyar sati talatin ce, ba ta wata takwas ba. Sun yi kusan wata guda a wurinmu. Kwanakin farko da bututu ake ba ta nonon uwarta, sannan da ƙaramin kofi. Muka koya wa uwar goyon ƙirji, fata da fata, a ɗaure da zane. In ta gaji sai tsohuwar ta karɓa, ta zauna a baranda da jikarta a cikin riga tana ba masu wucewa labari. Ta ce ta goya tara a baya, ashe goyon gaba ne ya fi daɗi, ana ganin fuskar mutum. Ranar da aka sallame su ta riƙe hannuna ta yi mini addu'a mai tsawo, a ƙarshe ta roƙa mini miji mai haƙuri, wai zai buƙace shi.

Daga wannan ranar tambayar ta shiga aikinmu. Da farko a fitar da suruka, ko duk wanda ake jin nauyinsa. Sannan a tambayi azumi, in cikin ya faɗo ta wajen. In bai faɗo ba a tambayi fashin salla na ƙarshe, a jingina shi da abin da ba a mantawa: kafin layya ko bayanta, an yi sallar idi da ita ko tana gida, ranar sunan wa, wace kasuwa. Ni da Anti muka zauna muka yi wata takarda mai layi biyu, watannin Musulunci a gefe, satuttukan ciki a gefe, muna sabunta ta duk wata. Muka aika da kwafinta ƙananan asibitocin Roni da Gwiwa da Babura ta hannun ma'aikatan da ke zuwa taro, da roƙon su rubuto mana rana, ba wata ba, su kuma turo mace da wuri. Anti ta sa aka ƙara rubutu a jikin akwatin da shuɗin fenti: DA BAKWAINI. Ba zan ce kullum dabarar tana aiki ba. Akwai mai shayarwa da ba ta ga komai ba tun haihuwar baya, akwai wadda ta manta da gaske, akwai wadda har yanzu take isowa a makare. Amma akwatin ya daina yin wata biyar ba a taɓa shi don jariri ba, wannan kam na gani da idona.

Abin da ya rage mini shi ne yarinyar. Rigakafinta a asibitin kusa da su ake yi, don haka ba su dawo ba. Na san watan da ya kamata ta riƙe wuya, na san na zama, na san na rarrafe, ina lissafa su ni kaɗai ina cire satuttukan da ta yi saurin zuwa. Duk wanda ya zo daga wajen Roni sai na tambaye shi, amma ban san yadda zan kwatanta gidan ba, kuma ba daidai ba ne in yi ta yawo da labarin marar lafiya. Anti ta yi ritaya ta koma Babura ba mu ji komai ba.

Kusan shekara biyu bayan haihuwar, wata safiya ina rubutu a tebur, na ji murya daga baranda tana tambayar ina likitar nan matsoraciya. Kafin in miƙe tsohuwar ta leƙo, surukarta a bayanta. Sun zo duba wata 'yar uwarsu ne a ɗakin mata. Na gaishe su, amma idona yana bayan uwar, ina neman goyo. Ba goyo.

"Ina take?"

"Wa?" in ji tsohuwar. Ta waiga. "La ila! Yanzu fa take nan. Ke! Ke, dawo nan!"

Na fito baranda. Can ƙarshenta ga wata 'yar mitsitsiyar yarinya cikin riga ruwan ɗorawa, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, tana bin wata akuya da ta shigo ta katanga. Ba tafiya take ba, gudu take, irin gudun yara na tangal-tangal, hannuwa a sama. Akuyar ta tsallake kwata, ita kuma ta tsaya, ta durƙusa, ta dafa ƙasa ta sauka da baya, ta miƙe ta ci gaba.

Na zauna a kan dakali. Uwar ta je ta kamo ta, tana ta zillo tana cewa a sake ta. Na karɓe ta na lanƙwasa ƙafafun, na miƙe su, na duba hannuwan, na ba ta murfin biro ta karɓa da dama, na ba ta wani ta karɓa da hagu, sannan ta jefe ni da duka biyun. Ba tauri, ba sanyi, ko'ina lafiya.

"Kin gama?" in ji tsohuwar. "Ko sai kin kira mai hoto? Wannan da kike gani ta hana kowa sakat. Jiya a cikin rumbu aka tsamo ta."

Na tambayi uwar labarin babbar, ta gida. Ta sunkuyar da kai, amma da murmushi.

"Tana nan. Wannan ce ke kai mata ruwa yanzu. Rabi a kofi, rabi a ƙasa. In ta ji tafiyarta tun daga zaure take fara dariya."

Dole in faɗi gaskiya a nan, ko da za ta rage wa labarin armashi. Ba zan iya cewa allurar ce ta sa yarinyar nan take gudu ba. Bakwaini da yawa suna tashi lafiya ba tare da ita ba, wasu kuma an yi musu amma ba su tsira ba. Akwai allurar huhu, akwai nonon uwa, akwai ƙirjin kakarta, akwai abin da Allah ya rubuta. Abin da na sani shi ne an sa mata abin da ya kamata a sa mata, a kan lokaci, kuma saura kaɗan a rasa saboda layi ɗaya a takarda. Da yamma na kira Anti a waya na gaya mata. Ta yi hamdala sau uku, sannan ta ce in je in ci abinci, ta san tun safe ban ci ba.

Mu biyar ne ko shida a ɗakin ranar haihuwar, kuma kowa da inda ya tsaya. Wata abokiyar aikina ta ce ba akuya yarinyar ta bi ba, kaza ce, ta kuma ce likita ya fito tun kafin a fara allurar. Ban jin haka ne, amma ba zan rantse ba. Don haka ina roƙon duk wanda yake wurin, ko a ranar farko ko a ta biyu, in ya ga na sauya wani abu, ko na ba wani maganar da ba tasa ba, ko na manta da wanda ya yi aiki, ya aiko mini da gyara. Har yanzu ina ɗakin nan, kuma zan gyara da farin ciki.